Ranar da ɗakin busar da tumatir ya kulle yayana

Shekarun baya, lokacin da nake dillancin tumatir tsakanin Kadawa da Bunkure, na gaji da ganin kaya suna ruɓewa idan kasuwa ta cika. Sai na gina ɗakin busarwa don in riƙa sayar da kauɗa, wato busasshen tumatir, ni mai dabara. Abokina mai walda ya jona mini gangunan ƙarfe suka zama bututu. A hura wutar buntun shinkafa a waje, fanka ta tura zafin ta ciki, ya ratsa ɗakin.

Da farko ɗakin ko ɗumi bai yi ba. Abokina ya ce, "Iskar miƙewa take ta tsakiya, ba ta gogar jikin ƙarfen. Sai mun hargitsa ta." Ya liƙa guntayen ƙarfe a ciki don ta riƙa juyi. Aiki ya yi kyau, har ya wuce yadda muke so.

Wata rana da azahar yayana ya shiga juya tumatir, ya ja ƙofa don kada zafi ya fita. Ƙofar ƙarfe ce, bututun kuma ta gefenta ya bi. Ta kumbura ta cije. Na leƙa ta tagar iska, na ga gwiwar bututun ta yi ja.

"Kai, buɗe mana," in ji Yaya. Ya sake faɗa, muryar ta ragu. Daga nan sai tari.

Mu mutanen noman rani ne, nan take na tayar da injin ban-ruwa na nufi wutar da tiyo. Abokina, da yake wurin, ya riƙe hannuna. "In ka zuba a wuta, tururin zai bi bututun ya shiga ciki ya dafa shi. Kashe fanka, jiƙa gangar waje, ta shanye zafin kafin ya shiga."

Na kashe fanka, na yi ta zuba ruwa a gangar, ƙarfe na ƙara, ina kiran Yaya ba ya amsawa. Muka juya tiyon kan ƙofa. Da ta huce, muka sa kafaɗa ta buɗe.

A kwance muka same shi, hancinsa a bakin tagar. Da ya farfaɗo ya dube ni ya ce, "Ni ma kauɗar za ka sayar?"

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Har yau duk ɗakin da wuta ke aiki, ba na bari mutum ya shiga sai na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata a ciki don kada ta rufe.