Zafi biyu a tandar burodi

Shekarun baya, wajen farkon shekarun dubu biyu, lissafin yadda zafi ke ratsa bulo ya shiga iska aikin mutum biyu ne. Yanzu ɗalibai kan zana tanda a kwamfuta, su danna, manhaja ɗaya ta haɗa musu komai. Mu a lokacin, ni na rubuta tawa mai lissafin abu mai tauri, abokina ya rubuta tasa mai lissafin iska da ruwa, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.

Abokin nan nawa mutumin kudancin Kaduna ne, a Rasha ya yi karatu, ni kuwa Faransa da Ingila. Tare muke koyarwa a Samaru. Matarsa na da gidan burodi a Sabon Gari, kuma tandarta ta sa ta a gaba: ƙasan burodi ya ƙone, samansa ɗanye. Kirsimeti ya matso, masu shaguna sun fara cewa za su koma wani wuri. Ta kira magini ya gyara, sai muka ce ta dakata mu lissafa tukuna.

Tsarin mai sauƙi ne. In lissafa bulo, in ba shi sakamakon fuskar bango. Ya lissafa iskar cikin tanda, ya maido min da nasa. Mu yi ta musaya har lissafin biyu su daidaita. Da yake ya ɗauki hutu yana taya ta aiki, a faifan kwamfuta nake kai masa nawa a kan acaɓa.

"Mutumina, ka ba ni zafin bango," in ji shi.

"Kai ma ka maido min da zafin," na ce.

Haka muka yi ta yi. Duk zagaye, sai tandar ta ƙara hucewa a kwamfuta, har ta kai ko ƙwai ba za ta dafa ba.

Matarsa ta leƙo daga bayanmu, hannunta duk fulawa. "Alhaji, wace tanda ce ba ta dafa ƙwai? Wadda ta maida min burodi gawayi jiya?"

"Madam, ki ƙara haƙuri, kimiyya ce."

"To ku gaya wa kimiyya magini zai tafi gida hutu ranar Asabar."

Nan muka fara zargin juna. Na ce Rashawa ba su koya masa komai ba sai jure sanyi. Ya ce ni kuma cin cuku kawai na koyo. Da gardama ta yi tsami, sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya nuna lambobinsa ya kira su da sunansu. Na sa ya maimaita.

Ashe abin da yake aiko min shi ne tsananin zafin iska, wanda ake aunawa da digiri. Ni kuwa abin da nake jira shi ne yawan zafin da ke kwarara daga iska zuwa bulo. Turanci, Faransanci da Rashanci duk sun ba kowanne sunansa. Mu da Hausa muke hira, dukansu zafi ne. Na yi ta zuba digirinsa a gurbin da ba nasu ba.

Muka yi dariya har abokina ya sauko daga benci. Da muka gyara, zagaye kaɗan lissafin ya daidaita: ƙasan tandar ya yi siriri, bututun hayaƙi kuma yana janye iska mai zafi kafin ta taɓa saman burodi. Magini ya ƙara layin jan bulo, ya sauko da bakin bututun. Burodin Kirsimeti ya fito ja sama da ƙasa, masu shaguna suka zauna.

Na zauna a ƙasashe da dama, ban ga harshen da ba shi da irin wannan gurbi ba, sai dai namu ne ya kama ni. Tun ranar ban ƙara cewa zafi kawai a aji ba. Ko dai tsananin zafi, ko kwararar zafi, kuma ɗaliban da na koyar haka suke faɗa har yau.