Hannun Mai Gurasa

Malam Labaran Kabo ya zo aikin Hajji yana ɗan shekara talatin da ɗaya, jirgi ya koma, shi bai koma ba. Tun daga ranar bai taɓa riƙe iƙama ba, takardar da ke ba baƙo izinin zama. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani gidan gurasa a unguwar Kudai cikin Makka, aikinsa kuma guda ne: ya zaro gurasa daga tanderu da zafinta, ya wurga ta kan teburin bakin ƙofa, taku goma tsakani. Mai saye sai ya tafa sau biyu ya ce, "Hat, ya Hajji," wato kawo. Gurasar ta taso a kwance tana juyi, ta sauka daidai kan 'yar'uwarta.

Da aka rushe layin nasu, ya koma ban ruwa a wani lambun shaƙatawa a hanyar Arfa. Shi da matarsa Iyatu suka zauna a ɗakin bayan tankin ruwa. Burinsa bai wuce ɗaya ba, a bar shi ya tsufa a Makka a binne shi a cikinta. Don haka ya koyi zama kamar babu shi. Ba ya ɗaga murya, ba ya yin abin da za a waiwayo a dube shi.

A ƙarshen 2013 wa'adin gyara takardu ya cika, aka shiga kame. Wanda aka kama, sai jirgi. A cikin wannan hali ne Marwan, ɗan mai lambun, ya dawo daga karatu da wani sabon wasa. Kwanduna tara na ƙarfe aka kafa a kan sanduna, kowanne da sarƙoƙi a sama. Ana jifa da faifan roba, wanda ya zura nasa da ƙarancin jifa shi ya ci. Labaran ne ya haƙa ramukan sandunan, bai kuma tambayi amfaninsu ba.

Ran Asabar bayan la'asar aka buɗe filin, baƙi suka taru. Iyatu ta dawo daga wankin kofunan gahawa, ta tarar da shi yana naɗe tiyo.

"Malam, ka shiga ɗaki. Mai farin gemun can, Abu Nawwaf suke ce masa, babba ne a masu duba takardu. A kicin na ji."

"To, Hajiya."

Bai kai ƙofa ba Marwan, mai ce masa ammi, wato baffa, ya ƙwala kira. "Ya ammi Labaran, ta'al, zo nan. Mutum ɗaya bai zo ba, kai za ka cike."

"Ni ban iya ba, ya waladi, ɗana."

"Duk nan babu wanda ya iya."

Ƙin zuwa ma jan ido ne. Ya goge hannu a riga ya tafi. Da aka miƙa masa faifan, sai ya ji nauyinsa da faɗinsa gurasa ce sak. Yatsunsa suka sami wurin zamansu ba tare da ya sa su ba. Nan ya ƙudurta cewa zai ɓata jifa.

A kwandon farko ya jefa shi a tsaye, ya gangara cikin kwata. Aka yi dariya, shi ma ya taya. A na biyu ya buga a gindin dabino. Marwan ya ce, "Ammi, kwandon fa ake nema, ba itatuwan Baba ba." Kowa ya dara, ban da Abu Nawwaf. Shi hannun Labaran yake kallo, da tabon ƙunar da ya bi wuyan hannun.

"Hajji, ka daɗe a Makka?"

"Alhamdu lillahi."

"Ban tambaye ka lafiya ba."

"Da ɗan dama, ya sheikh."

A kwando na uku faifan Labaran ya faɗi nesa, kamar taku goma. Ya sunkuya ya ɗauka, yana lissafin inda zai sake ɓatar da shi. Abu Nawwaf ya taka a hankali ya tsaya a gefen kwandon. Sai ya tafa sau biyu.

"Hat, ya Hajji."

Hannun bai jira shi ba. Faifan ya tashi a kwance, yana juyi, ya ratsa tsakanin dabino biyu. Sarƙa ta yi ƙara, ya zauna a kwando.

Baƙin suka kaure da tafi, Marwan na neman wayarsa ya ɗauki hoto. Labaran ya tsaya da hannu a miƙe. Daga nan yana hango gefen mayafin Iyatu a bayan tanki.

Abu Nawwaf ya ciro faifan ya kawo masa da kansa. Ya yi ƙasa da murya.

"Gidan gurasar Kudai. Ina ɗan makaranta mahaifiyata ke aiko ni. Ta ƙarshen ka kan wurgo mini a hannu, in ƙone."

"Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin." Ya sa masa faifan a hannu. "Yau Asabar, ba na aiki, ban kuma tambaye ka komai ba. Gobe Lahadi za a bi lambunan hanyar nan ɗaya bayan ɗaya. Gobe zan tambaya."

Ya juya ya ce da Marwan ya mayar da wayar aljihu, tsoho ba ya son hoto.

Labaran ya ƙarasa sauran kwanduna shida, domin ficewa a tsakiya abin lura ne. Bai sake zura ko ɗaya ba.

Kafin magariba shi da Iyatu sun ɗaure kayansu a zannuwa biyu, za su wajen ƙanwarta Hure a unguwar Aziziyya. Ya rufe famfo, ya rataye mabuɗin a ƙusa.

"Ka ce ba ka iya ba," in ji Iyatu.

"Na faɗa. Hannun ne bai ji ba."

Har yanzu yana Makka. Wuni yake a ɗaki yana ɓare wa Hure tafarnuwa, kuma in wani ya tafa a lungu, sai ya tura hannunsa ƙarƙashin cinya.