Neman Muryar Malam, Daga Balan Zuwa Ajingi

Shekarar da rijiyar bakin masallacinmu ta rufta, a ita Malam ya tafi ci-rani Ikko, ina goyon Sa'adatu. Ya san ban iya karatun wasiƙa ba, ya kuma san ba zan yarda wani ƙato ya karanta min maganar mijina ba. Sai ya ɗauki magana a kaset, ya aiko ta hannun wani direban shanu. Ya dawo da damina. Damina biyu a kan wannan, shekarar da tsuntsaye suka cinye geron gabas, Allah ya karɓi abinsa. Bai bar hoto ba, don ba ya yarda a ɗauke shi. Kaset ɗin nan da rakodarsa su ya bar min, na kuwa ƙi wani auren. Duk Juma'a bayan la'asar sai na kunna.

Sifikar jikin rakodar ta daɗe da mutuwa. Wata ce daban ake jonawa da waya, a kifa ta a bakin tulu yadda Malam yake yi, sai muryar ta fito da kauri ta cika ɗaki. Da azumin bana abu ya lalace. Wani ƙugi ya shigo, da wani shuu kamar ana suya, muryar Malam kuma tana can ƙasa kamar mai magana daga cikin rami. Shi ya tashe ni tafiyar nan. Ni nake faɗa, Malama Binta maƙwabciyata take rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara min baki.

Balan zuwa Gaya

Kafin assalatu na naɗe rakoda da sifika a zanen sallata, kaset kuma na sa shi a lalita na ɗaure a ƙugu. Ana sallame asuba Ɗanladi ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida.

"Iya, kawo kayan na ɗaure a baya."

"Ɗaure kanka. A cinyata za su zauna."

"To wa zai riƙe ki?"

"Wanda ya riƙe ni kafin a haifi uwarka."

Hanya duk rairayi, babur yana ta wutsil-wutsil. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, don kada girgiza ta ƙara wa rakoda ciwo. Rana ta ɗan ɗago muka shiga Gaya. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan nasu ƙanana kamar ƙwallon goruba da aka gama ci, kuɗin kuwa ba kunya.

Gaya

Aka nuna min rumfar wani Auwalu, mai sayar da caja da wayoyi da sifiku. Ya saurari ƙugin ya ce, "Iya, wayarki ce ta mutu." Ya zaro wata daga leda, kanta ja da fari, bakinta yana ƙyalli. "Wannan mai bakin zinare ce. Sauti yana bi ta cikinta sumul."

Na ce, "Zinaren da ake rataye shi a ƙusa a bakin titi?"

Ya jona. Murya ta ɗan ƙaru, ƙugin ma ya ƙaru tare da ita.

Wani mai ƙiba da ke zaune a benci ya tuntsire da dariya. Habu sunansa, shi yake ba da hayar kayan sauti a biki da wa'azi. "Auwalu, ka ji tsoron Allah. Fenti ne. Iya, kauri ake nema a waya, ba ƙyalli ba. A samo wayar wutar gida, mai jan ƙarfe, a yanka ta gajere."

"Kai da sifikunka ke kuka kamar jaki a kowane biki?"

"Jakin nan shi ya aurar da yayarka!"

Kan ka ce me, maza sun cika rumfa, kowa da maganinsa. Wani ya ce a goge bakin waya da lemon tsami da toka. Wani ya ce a yanka tsohon silifa a sa a ƙarƙashin sifika don kada ta yi rawa. Wani ya ce janareton mai aski ne ke shiga cikin sautin, aka roƙi mai aski ya kashe, ya kashe yana ƙunƙuni da rabin kan mutum a hannunsa. Duk an yi. Duk gwaji ɗaya sai a mayar da kaset baya a sake, ni kuwa ina ƙirgawa, don zaren kaset ɗin ya yi laushi, ya fi wasu daga cikinsu shekaru. A na biyar ko na shida na dafe rakoda na ce, "Ya isa. Ba ganga ba ce."

Gaskiya wayar Habu ta yi aiki. Da ya yanka ta kamu ɗaya ya liƙe bakinta da dalma, ƙugin ya tafi ɗungurungum. Shuu ɗin ne ya ƙi, maganar kuma tana nan a cukurkuɗe. Habu ya ce, "Saura ciwon cikin rakodar, Iya. Nan babu mai kayan irin wannan kuma. Ki je Ajingi, ki tambayi Malam Buba a bayan kasuwar hatsi." Na biya kuɗin wayarsa. Ta zinaren ma na saya, don Auwalu ya ɓata safiyarsa a kaina, kuma ba a taɓa cewa na tashi daga rumfar mutum hannu banza ba.

Na kwana gidan Sa'adatu, a Gaya take aure. Ta yi min tuwon dawa da miyar kuka, na ci kaɗan. Ta ce, "Inna, ki bari a juye shi a memori ki huta." Na ce a juye me, shuu ɗin? Ita ba ta san ubanta ba, tana tatata ya rasu. Yayyenta biyu da suka san shi sun riga ni tafiya. Ban ga laifinta ba.

Gaya zuwa Ajingi

Da hantsi na shiga bas. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, buhunan gyaɗa a ƙarƙashin ƙafa, wata akuya tana numfashi a ƙeyata. Kwandasta ya ce ƙunshina sai an biya masa kuɗin kaya. Na ce in ya nuna min inda cinyata ta zama motar ubangidansa sai na biya. Mota ta ɗauki dariya, ya ƙyale ni.

A wani shinge ɗan sanda ya leƙo. "Hajiya, me ke cikin ƙunshin nan?"

Na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kakana yana da irinta." Ya ɗaga mana hannu. Daga nan gonakin gyaɗa ne dama da hagu, an cire an tara, da shanun Fulani suna kiwon kara. Ban kalli da yawa ba. Kafin azahar muka sauka.

Ajingi

Shagon Malam Buba ɗan ɗaki ne, matattun rediyo jibge har rufi. Dattijo ne siriri, tabarau ɗaure da zare. Ya duba wayar Habu ya ce wanda ya yi wannan ya iya, a bar ta. Ya kwance bayan rakoda, ya sa yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin.

"Hajiya, robar da ke juya kaset ce. Ta saki, ta narke. Yaushe rabon da a buɗe ta?"

"Tun mai ita yana da rai."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya shiga cire ta. Guntu-guntu ta fito, tana manne masa a farce. Ya ciro wata daga cikin matattun nan ya sa. Ya goge inda zaren kaset ke gogawa da auduga da sifirit, audugar ta fito kamar an share gindin tukunya. Ya sa wani kaset nasa na karatu, ya kara kunne, yana juya wani ɗan mitsitsin noti a hankali har karatun ya washe. Sannan ya miƙo hannu, na kwance lalita na ba shi nawa.

Shuu ya tafi. Har ƙahon motocin Ikko na ji a baya, abin da ban taɓa ji ba. Sai wani mutum ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum. Ke mai ɗakina, kina lafiya? Ya yara?"

Kalmomin Malam ne, na haddace su kamar Fatiha. Amma muryar siririya ce, mai sauri, mai ɗan kaifi, irin ta samarin da ke talla a tasha. Malam ɗina muryarsa kauri gare ta, yana jan magana a hankali kamar limami.

Na ce, "Kashe! Wane ne wannan?"

"Mai kaset ɗin ne, Hajiya."

"Ƙarya kake. Ka canja min miji."

Bai yi fushi ba. Ya ce roba ba rana ɗaya take saki ba. Kaɗan-kaɗan take yi, shekara da shekaru, kaset yana rage gudu, murya tana ƙara kauri, mai ji kullum ba zai lura ba. Ya ce yanzu ne take juyawa daidai, karatun da ya gwada da shi shaida ne. Na ce karatunsa bai san mijina ba. Na biya shi ban ce na gode ba, na naɗe kayana.

Akwai mai raba mu. Yalwa, ƙanwar Malam, a Ajingi ta yi aure, tana nan bayan makarantar allo, idonta ya yi hazo. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube.

"Wa nake ji kamar matar Yaya? Tsohuwa, ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki share min hanya, makauniya."

Muka gaisa, aka kawo fura. Ban gaya mata komai ba. Na sa aka ɗauko tulu, na kifa sifika, na danna. Ko "kina lafiya" bai ƙarasa ba gyaɗar ta zube daga zanenta.

"Yaya! Wayyo Allah, Yaya!"

Ta rarrafo tana laluben tulun, ta rungume shi. Muka ji har ƙarshe, yana jero gaisuwa, a gai da wane, a gai da wance, a ce wa Yalwa ta daina satar masa goro. Tana kuka tana dariya. Ta ce, "Shi ne sak. Wannan 'yar muryar tasa da muke tsokanarsa da ita, muna cewa in ya yi sallama a zaure sai a ɗauka mace ce."

Na ce, "Malam bai taɓa yin siririyar murya ba."

"Haba matar Yaya. Ranar sunan jikarki da kika kunna mana, na ji wani ƙaton mutum yana gurnani, na ce a raina kaset ya tsufa. Na ga yadda kike lumshe ido, shi ya sa na yi shiru."

"Ni na kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ke ba."

"Ke kika kwana. Amma zamanki da rakodar nan ya ninka zamanki da shi sau uku."

Na naɗe rakodata. Ni da ake taruwa a tsakar gidana a ji tatsuniya, nake kwaikwayon muryar duk wanda na taɓa ji sau ɗaya, ranar nan na nemi muryar mijina a cikin kaina, yadda yake kirana daga zaure, na rasa. Ta rakoda kawai nake samu. A gidan Yalwa na kwana, abincin da aka kawo na mayar.

Da safe na koma wajen Malam Buba na ce ya mayar min da tsohuwar robata. Ya nuna min tsumman da ya goge hannu da shi, ya ce ga ta nan. Na ce to ya san dabarar da zai yi. Ya sa tsofaffin batura, murya ta yi kauri amma tana lilo kamar mai kuka. Ya danna yatsa a kan abin da ke juyawa, ta yi ƙasa ta yi sama. Ya jona wayar zinaren Auwalu, ya cusa tsumma a bayan sifika, duk ba ita ba ce. Can sai zaren kaset ya fara naɗewa, ya yi wuf ya kashe, ya zaro shi a hankali da tsinke, ya mayar da biro. Ya ce, "Hajiya, in muka ci gaba, ko wannan ɗin za ki rasa." Na ce ya rufe. Wannan karon na yi masa godiya.

Komawa gida

Bas zuwa Gaya, ban biya gidan Sa'adatu ba. Na sami Ɗanladi a tasha. Ya ce, "Iya, an dace?" Na ce an gyara. Ya ce to me ya sa fuskata haka, na ce ya kalli hanya. Wannan karon ban sauka a rairayi ba. Ana kiran magariba na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Habu da Auwalu da Malam Buba, kowa ya yi iyakar saninsa, ba wanda ya cuce ni.

Juma'a uku ke nan. Ina kunnawa, don ba zan bar mutum yana sallama ba a amsa masa ba. Yaron nan mai sauri ya ce kina lafiya, na ce lafiya lau, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Cikin duk waɗanda ya gaisar a kaset ɗin, liman ya tafi, Tanko mahauci ya tafi, Gwaggo Asabe da 'ya'yana biyu sun tafi. Saura ni, saura Yalwa, ita kuwa ta faɗi nata. Wanda ya rage da ya san muryarsa sai Ɗan'azumi abokinsa, da suka je Ikko tare. Yana nan ƙarshen unguwa, yana shan hantsi a ƙofar gida. Shekaranjiya na ɗauki rakoda da tulu na kai masa, na ƙure ƙara. Ya kalli bakina ya ce, "Kin kunna ne?"