Gautan Baba

Filin da ke bayan ɗakina a Birnin Damagaram bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, nan ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Kowace shekara kafin damina nakan zauna da ƙullin iri in yi shawara da kaina: farin yalo mai zaƙi da yara ke ci ɗanye, ko ɗata, ƙananan gauta masu ɗaci na miya. Ba a haɗa su wuri ɗaya. Na taɓa haɗawa, yalon da na samu da shekara ta zagayo ya fito da ɗaci, yara suka yi ta tofarwa.

A shekarar da ake ɗora ganuwa, har na zaɓi yalo sai surukina, mahaifin maigida, ya kira ni. Tsoho ne mutumin Barno, fatauci ya kawo shi Damagaram yana saurayi, bai sake komawa ba. A lokacin ciwo ya kwantar da shi, bakinsa ya daina jin daɗin komai. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai daga bakin ƙofa, kaina a sunkuye. Ranar ya miƙo mini wata 'yar gora toshe da tsumma, cike da toka da iri.

"'Yata, gautan garinmu ne," in ji shi. "Marigayiya uwar mijinki ce ke shuka mini. In ya fito, shi nake marmari."

Na karɓa da hannu biyu, amma a raina na ce, wannan iri da ya girmi ɗan farina, ina zai fito? Na haƙura da yalo na zuba irin gorar duka. Yara suka yi mini fushi, na ce su je su ci na maƙwabta.

Kaɗan ne suka tsiro. Gara ta ci wasu, akuyar gidan da ke jikin namu ta tsallako ta gama da saura, har sai da na yi faɗan da unguwa ta ji. Tushe ɗaya ya tsira. Na kewaye shi da ƙaya, ina ba shi ruwa kafin in sha. Kunyar suruki kuwa ta ragu, don kullum sai ya tambaye ni ganye nawa, fure ya buɗe ko bai buɗe ba. Na ƙaunaci tsohon nan a watannin nan fiye da shekarun da na yi a gidansa.

Furanni suka yi ta zubewa, ɗa ɗaya ya kama. A wurinmu ɗan fari ba na ci ba ne. Ana ɗaura masa ƙyalle a bar shi a jikin uwa har ya yi ja, shi ne irin badi. In an tsinke shi kore, ƙwayarsa ba ta tsira. Gorar kuma babu komai a cikinta sai toka.

Jikin Baba ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa. Da hantsi na ɗauki wuƙa na tsaya a ƙofarsa.

"Baba, ya kai ci. Bari in yanko maka."

"Akwai wani a jiki?"

"Babu, Baba."

Ya sa maigida ya ɗauke shi zuwa gindin gautan. Ya tallabi gautan a tafinsa, ya murza ganye ya shinshina, ya daɗe idonsa a rufe. Sai ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaura wa gautan da kansa.

"Mayar da wuƙarki, 'yata. In na ci, ya ƙare ke nan."

Na roƙe shi har da rantsuwa, ya ƙi. Bai kai ga ganin jansa ba.

Ranar jana'iza ina ta hidimar baƙi, hawaye bai zo mini ba. Sai bayan an share makoki gautan ya nuna. Na tsaga shi a ƙwarya, na wanke, iri ya cika tafin hannuna taf. Nan na durƙusa cikin laka na yi kuka har yara suka fito suna tambayata me ya faru.