Ranar Da Na Haɗiye Sunan Kawu A Filin Golf

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Utaibiyya na tashi. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su daga ƙasar Kano, suka zauna ba su koma ba. Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi, ina aiki a wani kamfani mai kula da alhazai, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina fiye da kima. Jallabiyata ba ta rabo da guga, turarena ya kan riga ni shiga ofis, Larabcina kuwa ko Balaraben Hijaz bai isa ya kushe shi ba. Hausa a bakin ƙofar gida nake ajiye ta. Abokan aikina sun san ni Takaruni ne, kamar yadda suke kiranmu, wannan ba ya ɓoyuwa. Abin da na ɓoye shi ne talaucin gidanmu. Na faɗa musu cewa danginmu 'yan kasuwa ne masu shaguna kusa da Harami. Alhali mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, ƙanin mahaifiyata ne ya riƙe mu, da dako a Mina lokacin hajji, da tura keken tsofaffi, da duk aikin ƙarfin da ya samu. Da girma ya fara kama shi sai ya samu wani aiki a wajen gari, yana dawowa gidansa na unguwar Ka'akiyya ranar Juma'a. Ban taɓa tambayarsa ko wane irin aiki ne ba.

A shekarar nan kamfani yana neman wanda zai shugabanci ma'aikatanmu na tantunan Mina, ni kuma na ƙwallafa rai a kan muƙamin har ba na jin daɗin abinci. Shugabanmu, wanda muke kira mudir, ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da son wasan golf. Wata rana ya tambaya ko akwai wanda ya iya, ni uban iyayi na ɗaga hannu, alhali ko sandar da ake buga ƙwallon da ita ban taɓa riƙewa ba. Sai ga shi ya gayyace ni wata safiyar Asabar, mu uku da wani amininsa, zuwa wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Ɗa'if. Na zaci zan ga koriyar ciyawa irin ta talabijin. Filin da muka tarar na kowa da kowa ne, yashi da tsakuwa da ƙaya, ba ko ɗigon kore. Kowane ɗan wasa yana yawo da 'yar darduma ta ciyawar roba, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallo ya buga, ya ɗauke ta ya yi gaba. Kewayen kowane ramin da ake son ƙwallon ta faɗa kuma yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, idan mutane suka tattake shi sai wani ma'aikaci ya zo ya ja tsohon kafet a kai ya goge sawun.

Tun bugun farko asirina ya tonu. Na kai sara na tashi ƙura, ƙwallo tana nan inda take, dardumar ce ta yi tafiya. Mudir ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai ji haushi ba. Ya gyara mini tsayuwa, sannan ya gaya mini dokoki biyu da ya ce ba a wasa da su. Idan wani zai buga, kowa ya yi shiru. Idan kuma ƙwallonka ta kauce ta nufi mutum, to wajibi ne ka yi ihu iya ƙarfinka don ya sunkuya, domin ƙwallon nan ƙarama ce amma tauri gare ta kamar dutse. Ya koya mini wata kalmar Turanci da ake faɗa, ya ce in na manta ta in faɗi duk abin da ya zo bakina, ihun ne muhimmi. Na gyaɗa kai kamar mai hankali.

Muna isa ɗaya daga cikin ramukan sai na ga mai jan kafet ɗin, ya naɗe kansa da tsohon rawani saboda rana. Tun daga tafiyarsa na gane shi. Kawu ne. Da ya ɗago ya gan ni fuskarsa ta cika da murna, ya saki igiyar ya nufo ni yana kirana ɗansa da Hausa, yana tambayar yaya na baro Yaya, wato mahaifiyata. Ya miƙo hannunsa duk baƙin mai. Ni kuwa na amsa masa da Larabci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo a titi, na taɓa yatsunsa na janye. Mudir ya tambaye ni ko na san shi. Na ce wani dattijo ne daga unguwarmu, haka suke, duk wanda suka gani ɗansu ne. Kawu yana jin Larabci sarai. Ya ɗan yi murmushi, ya koma ya ɗauki igiyarsa.

Daga nan ban ƙara sanin abin da nake yi ba. Muka ci gaba da zagaya filin, har muka zo wurin da hanyarmu ta yi kusa da wani ramin da Kawu yake gogewa, ya ba mu baya, iska kuma tana kaɗawa daga wajensa zuwa wajenmu. Mudir da amininsa sun juya suna duba wani abu a waya. Na shimfiɗa darduma na buga da haushin kaina, kuma wannan ne karo na farko da sandar ta samu ƙwallon da kyau. Ta tashi da ƙarfi, sai ta lanƙwasa dama, ta nufi inda yake. Na gan ta. Ina da lokacin yin ihu, wannan ba zan yi wa kaina ƙarya a kai ba. Kalmar Turancin ta ɓace mini, abin da ya zo bakina shi ne in kira Kawu in ce ya kauce. Na buɗe baki, sai na tuna mudir yana tsaye kusa da ni, na tuna abin da na faɗa masa ɗazu. Na haɗiye kiran. Daidai lokacin Kawu ya juyo don ya ja kafet, ƙwallon ta same shi a idon hagu.

Muka ruga. Yana zaune a kan baƙin yashin, ya dafe fuska, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana salati. Mudir, wanda hankalinsa yana kan waya bai lura ba, ya juyo kaina a fusace yana tambaya ko na yi ihu. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce da Larabci ya ji an yi, shi ne bai yi saurin sunkuyawa ba, tsufa ne. Muka sa shi a motar mudir zuwa asibitin garin, ni a gaba, shi a baya shi kaɗai. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko akwai ɗan'uwansa a cikinmu. Wannan ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, ita ma na sunkuyar da kai na bar ta ta wuce. Kawu ya ce babu, danginsa suna Makka, za a kira su. Mudir ya yi abin da ya dace a wajensa, ya yi magana da likita, sannan ya ce mu tafi. Na bi su muka dawo, har muka tsaya a hanya muka ci abinci.

Idon bai tashi ba. Bayan an sallame shi na je gaishe shi a Ka'akiyya, na tarar da mahaifiyata zaune a gefen katifarsa tana kuka. Ba ta san komai ba, domin bai gaya wa kowa wanda ya buga ba. Tana ta faɗa a kan masu kuɗin da suke wasa da idon talaka, har ta fara jan Allah ya isa ga wanda ya yi wannan aiki. Kawu ya ɗaga hannu da sauri ya tare ta tun ba ta ƙarasa ba. Ya roƙe ta don Allah kada ta ƙarasa, ya ce bakin uwa ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya buga ɗin shi ma ɗan wata ne. Ta bar zancen tana share hawaye. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta fita ɗora masa ruwan zafi muka rage mu biyu. Na fara kame-kame ina neman inda zan soma, ya dakatar da ni. Tambayoyi biyu ya yi mini, ko mutumin nan mai mota shi ne mai gidana a wurin aiki, da kuma ko na samu abin da na je nema. Na ce masa an ba ni shugabancin tantunan Mina. Ya ce alhamdulillahi, ashe idon bai tafi a banza ba. Wallahi ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ya zage ni ko ya tsinka mini mari, da na samu sauƙi.

Daga baya na gaya wa mahaifiyata gaskiya da bakina, na kuma gaya wa mudir ko wane ne dattijon. Mudir ya ce shi bai taɓa tambayata sana'ar dangina ba, ni na kawo zancen. Gaskiyarsa ne. Duk tsoron da ya rufe mini baki ni na ƙirƙire shi. Mahaifiyata ta yafe mini bayan wani lokaci, Kawu kuwa ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, amma aikin filin ya ƙare masa, yanzu a gidana yake zaune.

Na rubuto wannan ne saboda 'yan'uwana matasa, musamman mu da aka haifa a nan muke jin nauyin inda muka fito. Ƙaryar da za ka yi a kan asalinka ba ta tsayawa a ofis. Wata rana za ta buƙaci ka yi shiru a lokacin da magana ta zama dole, kuma ba kai za ka ɗanɗana kuɗar shirun ba, wanda ya raine ka ne. Kada ku ji kunyar kiran naku da sunan da kuke kiransa a gida, ko a gaban wa. Ni kullum da safe nakan shiga ɗakin Kawu in gaishe shi, kuma idan na tsaya ta hagunsa sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya gane ni ne.