Biko a Mota Mai Kujera Biyu

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Albasa na sani, sai shinkafar fadama. Da na tsaya a kan abin da na sani, da duk wannan bai faru ba.

Wata shekara albasa ta yi tsada, ni kuma na cika rudu uku, rumbunan karan da muke ajiye ta. Sai ga wani dillali mai kai kaya Kwatano a ƙofar gidana a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, cikin wata jar mota gajera, ta kwanta a ƙasa kamar kada yana shan hantsi. Ƙofa biyu, kujera biyu. Da ya taka ta sai da awakin unguwa suka tsinke igiya. Ya ce da irinta Turawa ke tsere. Ya nuna mini lambobin da ke gaban sitiyari, sun jeru har sun cika gurbinsu, ya ce duk tafiyar da ta yi ke nan a duniya. Mu kuwa a wurinmu jakin da ya daɗe yana zuwa kasuwa shi ake so, don ba ya ɓata hanya.

Na ce, "Ashe ta ƙware."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Ya kwashe albasata, ya bar mini makulli. Na lura da zai tafi bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Kwana tara ta yi lafiya. A na goma ta fara tari. Na lallaɓa ta zuwa wurin bakaniken unguwarmu, mutumin da ya yi shekaru yana gyara motocin haya. Ya buɗe gaba, ya leƙa, sannan ya cire hula.

"Maigida, sai haƙuri. An yi maka sata. Babu inji cikin motag ga."

"To mi yak kawo ni nan? Iska?"

Sai da muka zagaya ta sau biyu muka gano injin a baya, daidai ƙeyar direba. Tun ranar bakaniken ya daina duban idona in yana magana.

Fitilu suka fara kamawa a gaban sitiyari, ja da rawaya, kamar gidan biki. Ya manna musu baƙin salatif, ya ce an gama da wannan. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, kuma duk Birnin Kebbi babu mai irinsu. Mai faci ya yi ta liƙa wa guda ɗaya har ta koma faci zalla. Fetur ɗin 'yan bumburutu ba ta shansa, sai ta yi ta shaƙuwa. Baƙin mai kuwa tana sha ta sama tana zubarwa ta ƙasa, ko'ina na tsaya sai na bar tambari. Da wani ɗan bel ya tsinke, bakaniken ya ce ba a kai masa hannu sai an sauke injin gaba ɗaya. Ya sauke, ya mayar, ya miƙo mini gwangwanin madara cike da notuna.

"Waɗanga fa?"

"Rara ce. Turawa sun cika ɓarna."

Ragon layya ya tafi a nan. Shinkafar da na ajiye don iri ta bi shi. Daga baya aka ce sai an yi odar wani ƙarfe daga waje, na sayar da injin ban ruwana. Wata biyu muna jira, shinkafar rani ta bushe a fadama tana kallona. Da ƙarfen ya iso, bai fi akwatin ashana ba, kuma na hagu aka kawo, mu na dama muke nema. Bakaniken ya ɗaura shi a kife, ya ce mota ba ta san hagu da dama ba.

Mai ɗakina sana'arta turara shinkafa, ta shanya, ta kai inji, ta sayar. Abin da nake nomawa shi take turarawa. Wannan shekarar ba ta samu ko tiya ɗaya daga gonata ba, amma ba ta ce komai ba. Ba mai yawan magana ba ce, ni kuma na ɗauka shirun yarda ne.

Rana ta fara fasa fatar kujerun motar. Ranar da mai ɗakina ta tafi suna Ambursa, na kira magina muka fasa katanga, muka tura motar cikin rumfar madafarta, don nan ne kawai inuwa ke wuni. Ta dawo da la'asar, ta tsaya da kwanon suna a hannu.

"Malam, ina murhuna?"

Na nuna mata. Birkin hannu ba ya ci, don haka da duwatsun murhun na tokare tayoyi. Uku ne, taya ta huɗu ba ta samu ba.

Ta ajiye kwanon a kan motar a hankali. Washegari da safe ta tafi gidan mahaifinta a Gulma. Shekara ashirin da wani abu muna tare, mun aurar da 'ya'ya, ba ta taɓa yaji ba sai ranar.

Mako uku ina cin garin kwaki a tsaye. Gidan ya yi shiru har ina jin ɗigar baƙin mai a madafa. Sai saƙo ya zo daga surukina: in Juma'a ta wuce ban zo da babba ba, zai ɗauka na gama da 'yarsa, shi ma ya san abin yi.

Biko ba a zuwa shi kaɗai. Dole ka tafi da wanda zai yi magana a madadinka, kai kana tsugune kana kallon ƙasa. Babban da ya rage mini shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon mahauci, mutum mai jiki. Ya ce mu shiga motar haya. Na ce a'a. A haukana, in mutanen Gulma suka ga motar za su gane dalilina.

Shigar da Kawu ta ɗauki lokaci. Ya sa ƙafa, ya sa gindi, sauran jikin ya biyo daga baya. Gwiwoyinsa suka kai haɓa, hularsa ba ta samu wuri ba, ya riƙe ta a hannu. Na tattara babbar rigarsa na cusa, na danna ƙofa da kafaɗa.

"Ɗan nan, wagga mota ta ko makara?"

Kowane ƙauye a hanyar Argungu ya gina tudun rage gudu a titi, kowa da irin fushinsa. Motata ba ta haye ko ɗaya sai da katako biyu da nake ɗaurewa a rufi. In mun iso, sai in sauka, in shimfiɗa katakai, in jawo Kawu waje don a rage nauyi, in haye, in kwashe katakai, in mayar da Kawu. Wani mai keke da muka wuce a Ambursa ya riske mu sau huɗu. A na huɗun ya ce ko akwai saƙon da za mu ba shi ya kai mana gaba.

Daga nan Kawu ya ce ya rantse ba zai sake fita ba. Muka riƙa hayewa da shi a ciki, cikin motar na gurzar siminti. Duk tudu sai wani abu ya faɗi. In sauka in tsinta, in ɗora wa Kawu a cinya, tunda ban san wanda ke da amfani ba.

A Argungu muka tsaya sayen kifi. Surukina tsohon masunci ne, ƙafa ta hana shi shiga ruwa, kuma na san yana son giwan ruwa. Na zaɓi babba, sabon kamu, yana sheƙi. But ɗin gaba cike yake da galan-galan na baƙin mai da ruwa, cinyar Kawu cike da ƙarafa. Sai na ga wani wuri shimfiɗaɗɗe a baya mai ramuka-ramuka kamar raga. Na kwantar da kifin a kai, na ɗaure da roba. Na manta abin da ke ƙarƙashi.

Mun kusa Gulma Kawu ya fara shinshina.

"Wa ka gashi cikin dajin ga?"

A mashigar gari amalanke sun haƙa sawu biyu a yashi, sun bar tudu a tsakiya. Motar ta hau tudun da cikinta ta zauna, tayoyi huɗu suna juyawa a iska. Ta yi tari biyu, ta mutu. Komai ya mutu tare da ita. Ƙofata ta buɗe, don dama da igiya nake ɗaure ta. Ta Kawu kuwa da lantarki take aiki. Ta kulle, gilashi ya tsaya da tazarar yatsa huɗu. Ya gwada tsallakowa ta wajena, sandar giya ta tokare shi, ya koma yana haki.

Wani manomi ya taimaka da shanun huɗarsa. Haka muka shiga Gulma: bijimai biyu a gaba, motar tseren Turawa a baya, ni a gefe ina riƙe sitiyari ta ƙofa, kifi yana hayaƙi, rabin gari na biye da mu.

Surukina yana zaune a ƙofar gida. Na cire takalmi na tsuguna. Ya dube ni, ya dubi shanun.

"Ina babban da kaz zo da shi?"

"Shina ciki, Baba."

"To shi hito mana."

"Ba shi hituwa, Baba."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya sa aka ja tabarmarsa har gindin motar, ya zauna, kansa daidai da tagar. Suka gaisa ta tazarar yatsa huɗu, suka tambayi iyali da ruwan bana, aka tura wa Kawu goro ta tsagar. Na kwance kifin na gabatar. Gefe ɗaya ya gasu har ya yi zanen raga, ɗaya gefen ɗanye. Surukina ya ɓantari gasasshen, ya tauna, ya ce wuta ta yi daidai, sai dai fetur ya ɗan yi yawa.

Sannan Kawu ya gyara murya. Wannan ne lokacin da zai ce yaro ya yi kuskure, a yi haƙuri, a dubi zumunci. Ya kafa baki a tsagar gilashi, gumi na zuba daga gemunsa.

"Malam, na taho in roƙe ka. Amma tsakani da Allah, ɗiyarka ta yi ƙoƙari. Ni wuni guda niy yi da motag ga, kuma da ina da gidan uba da na tahi."

Jama'a suka fashe. Ni ban yi dariya ba, don na ga aurena yana tafiya, kuma wanda na kawo ya riƙe shi shi ke tura shi.

Sai muryar mai ɗakina ta fito daga bayan zana. Mako uku ban ji ta ba.

"Baba, a tambaye shi. Ya zo biko da babba, ya kyauta. In na yarda, ina zan zauna?"

Wallahi sai a lokacin na ƙirga. Kujera biyu, mu uku. Tun daga Badariya na yi tunanin katako, na yi tunanin baƙin mai, na yi tunanin kifi. Ban yi tunanin inda za ta zauna ba.

Kowa yana jirana, kuma ba al'ada ba ce in yi magana. Na zaro makullin daga aljihu, na ajiye a kan tabarmar surukina.

"Baba, motag ga ta mutu, wurin ga za ta tabbata. Gobe in ta da katanga, in mayar da murhu."

Daga bayan zana aka ce, "Da injin ban ruwa."

"Da injin ban ruwa."

"Duwatsun kuma sabbi. Waɗancan sun sha baƙin mai."

Maƙerin garin ne ya fitar da Kawu, ya cire ƙofar gaba ɗaya da kurfi da guduma. Kawu ya miƙe a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ƙarafa na zuba daga rigarsa. Bai yi mini magana ba sai bayan sallar layya.

A baburan kabu-kabu muka koma Argungu, ita a nata, ni a nawa, Kawu a nasa, daga can muka shiga motar haya. Mai ɗakina ta zauna kusa da taga. Duk tudun da direba ya haye bai ko tsaya ba, sai ta juyo ta dube ni.

Motar tana nan a Gulma, a gindin bedi, itacen dogon yaro. Kajin surukina sun kama kujerar Kawu, agwagwa ta kama tawa. Lokaci-lokaci tsohon yakan aiko mana da ƙwai a kwano, a ce in ji shi, ga na mota. Mai ɗakina ta soya a sabon murhu, ta ajiye mini, ba ta cewa komai. Yanzu in ta yi shiru, nakan tashi in zagaya gidan in duba abin da na yi.