Gashin Zabo a Ƙugiya

A bakin magudanar ruwan noman rani ta Bunkure, Malam Dalhatu, tsohon manomin shinkafa, ya tsaya yana kallon wani baƙo. Baƙon dogo ne mai furfura a gemu, da tabarau a kan hanci. Ya baje kayan tafiyarsa a kan tabarma: sandar kamun kifi mai gaɓa huɗu, da igiya, da akwatin ƙugiyoyi. Yana ɗaure gashin zabon da ya sayo a kasuwa a jikin ƙugiya, a tsanake kamar mai ɗinkin hula.

"Alhaji, mu da tana muka saba kama kifi," in ji Dalhatu.

"Baba, wani tsibiri za ni can tsakiyar teku, kuma babu kanti a wurin. In gashin nan bai yaudari kifi ba, na yi tafiyar banza."

Ya miƙe ya kaɗa sandar. Igiyar ta yi lilo a sama, ta sauka a ruwa ba ƙara. Allah kaɗai ya san shekarun da hannun nan ya yi yana koyo. Sai ga karfasa ta cafke. Baƙon ya mayar da ita ruwa, ya adana ƙugiyar a akwati.

"Ikon Allah!" in ji Dalhatu. "Ashe zabon garinmu zai je teku."